Ramukan da Suka Ƙi Shan Ruwa

"Lafiya lau, Ango. Ya ƙarfin jiki?"

"Ƙarfi ai sai dai in ara miki. Dube ki, kamar tsinken tsintsiya an ɗaura masa gyale. Iska ce ta kawo ki ko mota?"

"Ƙafata ce ta kawo ni, aikin da taka ta manta yadda ake yi."

"Ƙafata? Ƙafar da ta hau bene hawa bakwai da buhun siminti a ka, tun ubanki bai san hanyar bakinsa ba?"

"Bara hawa biyar ka ce."

"Benen ne ya ƙaru."

Baba Magini yana zaune a kan bencinsa na ƙofar gida, kofin shayi a hannu, rana ba ta gama leƙo kan katangu ba. Jikarsa, wadda duk dangi ke kira Siririya, ta gama durƙuson gaisuwa ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, takardu a hammata, tef ɗin awo rataye a wuya. Wanda ya ji yadda bakinta ke gudu a gaban tsohon nan ba zai yarda ita ce ke aiki a ofishin kula da bishiyoyin gari ba. A can, wata bakwai ke nan, akwai waɗanda ba su san kalar muryarta ba. In an tambaye ta abu, amsar tana nan tsaf a cikin kanta, amma kafin ta gangaro baki sai ta narke, ta bar ta da murmushi da kallon takalmi. Kakanta kaɗai ke kwance mata harshe.

Sau ɗaya tak ta taɓa ɗaga hannu a taron ofis, kuma a kan wannan layin ne. Sau uku ana dasa bishiyoyi a gefensa, sau uku suna mutuwa: su yi kore wata biyu, ganye ya koma rawaya, su bushe a tsaye. Shugabar ofis ta gaji, ta ce a cike gurabensu da kankare kowa ya huta. Siririya ta tuno layin da tsakar rana, yadda mata masu goyo ke rakuɓewa jikin katanga suna bin inuwar da ba ta fi tafin hannu ba. Ba ta san lokacin da hannunta ya tashi ba. "A ba ni dama sau ɗaya," ta ce, da muryar da sai da aka sa ta maimaita. Aka ba ta dashen maɗaci goma sha biyu, da leburori huɗu, da sharaɗi ɗaya: in waɗannan ma suka mutu, kankare za a zuba, ba sauran magana. Jiya aka haƙa ramukan. Yau ƙarfe tara mota za ta kawo dashen, ƙarfe goma sha biyu shugaba za ta zo ta gan su a ƙasa.

"To, Injiniyar Ganye," in ji tsohon, "yau ce ranar?"

"Yau ce. Ka ja bencinka baya, kar a yi kuskure a dasa ka."

"A dasa ni mana. Ni ko a kan kwalta aka kafa ni sai na yi 'ya'ya. Ga shaida nan tsaye a gabana, ko da yake wannan ɗanya aka tsinko ta."

Siririya ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya faɗa cikin ramin da ke gaban ƙofar. Ruwa ne kwance a ciki, ya kai rabi, har tana hango fuskarta. Ta ɗaga kai ta dubi sama. Sati uku rabon da a yi ko yayyafi.

"Ango, wa ya zuba mini ruwa a rami?"

"Kuka ramin ya yi. Ya ji labarin wadda za ta yi masa shuka."

"Ango."

"To, kifi zan kiwata. Na ga ba abin da zai fito, na ce kar haƙa ta tashi a banza."

Sai a lokacin ta lura da baron da ke jingine a zaure, tayarsa duk laka, da jarkoki biyu a ciki. Ta lura kuma da tsumman da ya naɗe tafin hannunsa da shi, da yadda kofin ke ɗan rawa in ya kai shi baki.

"Rami nawa ka zuba wa?"

"Duka. Jarka bibbiyu, jiya da yamma bayan mutanenki sun tashi."

"Jarka ashirin da huɗu? Kai kaɗai? Da wannan bayan naka mai kama da ƙugiya?"

"Bayan da ya goya ki kika saka masa da fitsari? Wuce mu je ki duba ramukanki. Ban yi boko ba, amma na iya ƙirga zuwa goma sha biyu."

Suka bi layin, shi a gaba yana jan silifa, ita a baya tana leƙa rami ɗaya bayan ɗaya. Na farko ruwa, na biyu ruwa, har na biyar. Na shida da na bakwai da na takwas sun shanye nasu tas, sai damshi. Daga na tara zuwa na ƙarshe, ruwa kwance kamar a randa.

Siririya ta san wannan gwajin sarai. A shekararta ta biyu a jami'a aka koya musu: kafin ka dasa, ka cika ramin da ruwa ka dawo washegari, in ka tarar da ruwan yana nan, saiwa za ta ruɓe a ciki kamar an jiƙa ta a kwano an manta. Har maki mafi yawa ta ci a kansa. Amma takardar ofis ta ce ƙasar unguwar yashi ce mai shanye ruwa, leburori kuma sun gama a makare suna ta duban agogo, ita kuma ta ji nauyin ce musu su ɗebo ruwa. Sai ta yarda da takarda.

Ta koma zauren ta ɗauko rodi cikin kayan aikin da aka ajiye, ta soka shi a ƙasan rami na farko. Ya nutse kamar taƙi ɗaya, sannan: ƙwal!

"Dutse ne," ta ce.

"Dutse?" Tsohon ya dafe ƙirji kamar an zage shi. "Dutse ne zai yi wannan ƙara mai daɗi? Sake bugawa ki ji da kyau."

Ƙwal!

"Kin ji? Buhun siminti ɗaya, baron yashi biyu, na tsakuwa uku. Hannuna ne wannan, yarinya."

"Hannunka? A ƙarƙashin ramina?"

"Raminki ne ya zo kan hannuna. Shekara hamsin da suka wuce ni na gina lambatun ruwan nan, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Magini ba ya komawa gida da kwaɓi. Duk ragowar kankaren da aka samu, sai in sa a juye shi a kwarin da ke bayan lambatun, a baje, a rufe da ƙasa. Har da gangan nake sa a ƙara kwaɓin. Na ce ya zame wa aikina garkuwa, kar ruwa ya ci gindinsa."

"Waɗancan ukun fa, da suka shanye?"

"Kwana ukun da aka haifi ubanki ke nan. Ban zo aiki ba. Wanda na bar wa wurin ɗan ƙwauro ne, daidai yake kwaɓawa, ko cokali ɗaya ba ya ragewa."

"Ashe babana tun yana cikin tsumma ya fi ka amfani."

"Ranakun kaɗai ya taɓa yin amfani."

"Wato kai ka kashe bishiya talatin da shida."

"Ni? Ko taɓa su ban yi ba. Su suka zo suka zauna mini a kan aiki ba sallama."

"Tun kafin a haife ni ka binne mini tarko."

"Na san za a haifo mai taurin kai, shi ya sa na tanadar mata abin da ya fi kanta tauri."

Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Ta jingina rodin da katanga.

"Me ya hana ka gaya wa na baya?"

Baba Magini ya tsura wa lambatun ido, miƙaƙƙe sumul, ba tsaga ko ɗaya a jikinsa. Da ya yi magana, ya yi ƙasa da murya.

"A na farko na ce awaki ne. A na biyu na ce rashin ban ruwa ne, har na riƙa zuba musu da kaina safe da yamma, ashe nutsar da su nake yi. A na uku zuciyata ta fara gaya mini, na ce ta rufe mini baki. Shekara hamsin ina cika baki a layin nan cewa aikina bai taɓa cutar da kowa ba. Jiya, da bakin digar mutuminki ya nutse ya taɓo shi, daga kan benci na ji ƙarar. Na gane ta kamar muryar ɗana. Na ce wannan karon tawa ce ta sa kanta, ba zan zauna in sha shayi in ga an rufe mata baki da kankarena ba."

Siririya ta ga yadda yake ƙifta ido da sauri. Ta san in ta tausaya masa a fili ba zai yafe mata ba, sai ta yi masa alherin da ta iya.

"Ashe kana jin ƙarar diga daga kan benci. Amma in an ce ka sha magani, kurma ne kai."

"Magani ba shi da ƙara mai daɗi," ya ce, ya share hanci da tsumman hannunsa.

Ƙarfe tara daidai mota ta tsaya. Dashen maɗaci goma sha biyu a baya, kowanne a baƙar leda, tsawonsu ya kai ƙirji, ganyensu yana sheƙi. Leburori huɗu suka diro. Babbansu, wani ƙaƙƙarfa da ake kira Mai Diga, ya leƙa rami ya ɗaga kafaɗa.

"Malama, wannan ai ba matsala ba ce. A kwashe ruwan da bokiti, a zuba busasshiyar ƙasa, a dasa. Kafin sha biyu mun gama. Shugaba ta ga kore ta ji daɗi ta tafi. Wa zai leƙa ƙarƙashi?"

Maza huɗu suka zuba mata ido. Direba ya danna ham. Amsar tana nan cikin kanta, a jere, amma ta ji ta fara narkewa kamar kullum. Idonta ya sauka kan takalmi.

Baba Magini ya gyara murya yadda duk layin zai ji.

"Ku dasa abinku, samari, kar ku jira ta. Wannan ba ta magana, hotonta ne aka aiko daga ofis. Ni ma da aka kawo mini ita amarya sai da na girgiza ta, in ji ko akwai batir a ciki."

Leburori suka kwashe da dariya. Kunnuwan Siririya suka ɗau zafi.

"Kai dai bakinka ba ya neman batir, da hasken rana yake aiki!"

Da ƙarfi maganar ta fito, har direba ya leƙo. Kafin muryar ta gudu ta koma inda ta saba ɓuya, sai ta juya ga Mai Diga.

"Ba bishiyar da za ta shiga ramin da ruwa ya kwana. A sauke su a jera a inuwar katangar can, a yayyafa wa ledojin ruwa. Uku za mu dasa yanzu, a ramukan da suka shanye. Sauran tara sai an fasa kankaren da ke ƙasa."

"Shugaba fa, Malama?"

"Ni zan yi mata bayani."

Magana ta riga ta fita. Ta saci kallon kakanta. Ya ɗaga kai sama yana nazarin wayar lantarki, kamar ba shi ya tayar da ƙurar ba.

Biyu suka tafi dashen busassun ramuka, biyu suka kwashe ruwan rami na farko, suka kankare ƙasar, kankaren ya bayyana, toka-toka, sumul. Mai Diga ya tofa yawu a tafi ya ɗaga diga. Ta dira ta yi tsalle ta dawo. Ya sake. Ya sake. Bayan rabin awa, abin da aka samu fararen tabo ne kamar an ɗiɗɗiga alli, sai ƙotar diga ɗaya da ta tsage.

Baba Magini yana tsaye a bakin rami, hannu a baya, baki har kunne.

"Kun gani? Haka ake aiki! Na yanzu ko tari ka yi kusa da shi sai ya dare."

"Murna kake yi, Ango?"

"Ba murna nake ba. Yabon gwani nake."

"Wane gwani? Kai ai rabin magini ne. Ka iya zubawa, ba ka iya cirewa ba."

"Ni ne rabin magini?"

"Rabin ma don ina jin nauyin furfurarka ne. Rubu'i. Sauran duk labarin benci ne."

"Jama'a, kun ji ta? 'Yar da na koya wa riƙe cokali!"

"Ka koya mini da hagu, sai da aka yi shekara ana gyarawa."

"Ku riƙe mini ita... a'a, bar ta. Ku riƙe ni in sauka."

Ya shige gida da saurin da Siririya ta daɗe ba ta ga ya yi ba, ya fito da ƙaramar guduma da cizal, bakin cizal ɗin ya yi sulɓi saboda tsufa. Mai Diga ya tallafe shi ya sauka. Ya durƙusa a cikin laka da ɗan ragowar ruwan, ya karkata kai gefe, ya fara ƙwanƙwasa kankaren a hankali kamar mai sallama a gidan surukai.

Ƙwal. Ƙwal. Ya matsa taƙi ɗaya. Ƙwal. Ya matsa. Ƙwaf.

Ya tsaya. Ya sake bugawa. Ƙwaf.

"Ga ta nan," ya ce. "Ku masu ƙarfi kuna dukan goshi, alhali ga haƙarƙari. Baro-baro aka juye wannan, wani da rana, wani da yamma. Kwaɓin da ya fara bushewa ba ya haɗewa da wanda aka zuba masa daga baya, maƙwabtaka kawai suke yi. Tsakaninsu akwai gaɓa. Ido ba ya ganinta, kunne ke ji."

Ya bi gaɓar da guduma yana zana ta da bakin cizal, har ya kewaye rabin ramin. Siririya ta tsuguna a baki tana kallon hannuwan nan da ke rawa da kofin shayi. Yanzu ko motsi ba sa yi. Ya kafa cizal a kan zanen, ya riƙe, ya dubi Mai Diga.

"Kawo babbar guduma. Nan za ka buga. In ka sami yatsana, jikata za ta ciyar da ni da cokali har ƙarshen rayuwata, kai ka ja mata."

Bugu ɗaya. Biyu. A na uku sai aka ji wani ɗan ƙas, kamar an taka busasshen kara. Tsaga ta buɗe. Ragowar ruwan ya yi gurnani, ya bi ta, ya zurare zuuu, ya bar laka tana ƙyalli.

Leburori suka yi sowa. Baba Magini bai yi ba. Ya shafa tsagar da yatsa, a hankali.

"Shekara hamsin," ya ce. "Ku cire shi duka. Kar ku bar ko ɓarɓashi."

"A'a," in ji Siririya. "Ku cire na tsakiya da na wajen gidaje, ku faɗaɗa ramin ta nan. Amma ku bar gefen da ke manne da lambatu. Saiwar maɗaci ƙarfi gare ta, in ta girma za ta ture ginin. Wannan gefen zai tare ta, ya tura ta ƙasa."

Tsohon ya ɗago kai daga cikin ramin.

"Wato aikina bai mutu ba?"

"An dai rage masa girma. Da sarki ne, yanzu mai gadi."

"Gadi ma ai sai amintacce ake ba."

Ƙarfe goma sha biyu ya yi, bishiya uku a ƙasa, rami biyu a fashe, bakwai suna jira. Farar mota ta tsaya. Shugaba ta fito, mace mai tabarau da ƙarancin magana, ta dubi layin daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta dubi dashen da ke jere a jikin katanga, ta dubi wani tsoho da laka har gwiwa.

"Goma sha biyu na aiko. Uku nake gani."

Baba Magini ya ja numfashi ya buɗe baki. Sai ya rufe shi. Tunda Siririya take ba ta taɓa ganin kakanta ya ga gurbin magana ya bar shi ba. Ya bar mata.

Ta ɗauki bokiti biyu, ta juye ɗaya a ramin da ba a fasa ba, ta juye ɗaya a wanda aka fasa.

"Ranki ya daɗe, ki ba ni minti biyar ki kalli waɗannan."

Muryar tana rawa, amma tana tafiya. Ta faɗi abin da ke ƙarƙashin layin, da abin da ya kashe na baya, da dalilin barin gefen lambatu. Ta ce takardar ofis ba ta yi ƙarya ba, yashi ne, sai dai an yi masa murfi.

"Kuma laifina ne," ta ƙara. "Ya kamata in yi gwajin nan jiya, ban yi ba. Kakana ne ya yi."

Shugaba ta tsaya tana kallon ramukan biyu. Ɗaya ya shanye har ya fara bushewa ta gefe, ɗayan kuwa yana nan yadda aka zuba shi. Ta sunkuya ta ɗauki guntun kankare ta juya shi a hannu.

"Kwana nawa kike buƙata?"

"Uku."

"Ki ɗauki huɗu, ki yi shi da kyau. Kuma ki rubuto mini gwajin nan a takarda ɗaya. Ba layin da za a sake dasawa ba a yi shi ba." Ta juya ga tsohon. "Baba, aikinka ne wannan?"

"Wanne, 'yata? Zubawar ko fasawar?"

"Duka biyun," in ji Siririya.

"To, Allah ya ƙara lafiya," in ji shugaba, gefen bakinta yana motsi. "Amma kar a ƙara zuba mana wani."

Da motar ta ɓace, Siririya ta zauna a bakin lambatu tana mayar da numfashi. Ba ta yi minti uku ba ta hango kakanta a ramin ƙofar gidansa, ɗaya daga cikin biyun da aka fasa. Ya sa an mayar da ƙasa, ya ɗauko dashe ɗaya ya tsayar a tsakiya da ledarsa, ya tula masa ƙasa har rabin jiki, yana tattake ta da dukkan ƙarfinsa. A hannunsa ga igiya mai dalma a baki, wadda yake saita ginshiƙi da ita, a aljihu ga waya ta ɗaure rodi.

"Ango! Me kake yi wa bishiyata?"

"Tushe nake kafa mata. A danne, a saita, a ɗaure tam. Ko guguwa ta zo sai dai ta gaishe ta ta wuce."

"Ka kashe talatin da shida da kankare, yanzu za ka kashe ta talatin da bakwai da ƙafa? Fito!"

"A ƙofar gidana?"

"A cikin ramina. Fito ka ga yadda ake yi."

Ya fito yana gunaguni. Ta durƙusa ta tone dashen, ta yanke ledar ta cire. Saiwoyin sun nannaɗe juna a ƙasa kamar zare, ta warware su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta datse wadda ta kewaye gindin.

"In aka bar wannan, ita za ta shaƙe uwarta in ta yi kauri."

"Kamar jika ke nan."

"Kamar wayar da ke aljihunka." Ta nuna masa inda jikin ya fara buɗewa ya zama saiwa. "Nan ne wuyanta. Daidai da fuskar ƙasa zai tsaya. Ka binne shi, ka binne ta."

Ta mayar da ƙasa da taki tana dannawa da tafin hannu kawai. Ta kafa turke biyu nesa da gindin, ta yage gefen wani tsohon buhu, ta ɗaure bishiyar sako-sako. Ta yi mata kewaye da ƙasa kamar bakin faranti, ta zuba ruwa a hankali. Iska ta taso, dashen ya rausaya hagu, ya rausaya dama.

"Ga ta nan tana rawa!" in ji tsohon. "Ginin da ke rawa ai rushewa zai yi."

"Ba gini ba ce, Ango. In ba ta yi kokawa da iska ba, ba za ta yi ƙwari ba. Ka ɗaure ta tam, ranar da aka kwance ta faɗi."

Baba Magini ya ɗaga igiyarsa ya saita ta da dashen, ya kanne ido ɗaya. Bishiyar ta kauce. Ya sake saitawa, ta sake kaucewa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dubi jikarsa, gumi yana bin fuskarta, laka har gwiwar hannu. Ya naɗe igiyar ya tura a aljihu.

"Kar a danne, kar a binne, kar a ɗaure. Duk abin da na sani yau an kife mini shi." Sai ya kece da dariya har da tari. "Na sallama, Injiniya! Wallahi na sallama. Ni na iya abin da ke tsayawa wuri ɗaya, ke kin iya abin da ke girma."

"Ban ji ba. Ka san kunnen 'yan boko."

"Ba zan maimaita ba, ko za ki mutu."

Ya cire malfar da ke kansa ya kifa mata. Ta faɗo har kan hancinta.

"Riƙe wannan. Kafin taki inuwar ta iso, ki yi maleji da tawa."

Siririya ta tura malfar baya ta shinshina.

"Warin siminti take yi."

"To kawo abata."

"Kyauta ba ta komawa," ta ce, ta danne ta da hannu biyu. "Ɗauko gudumarka, tsoho. Saura rami bakwai."